Inda Rafin Ya Karya Kwana a Kpakungu

Da rani na fara ganin filin da na gina gidana a unguwar Kpakungu da ke Minna, kuma da ranin na saye shi. A lokacin rafin da ke bayansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan siririn ruwa ne baƙi yana bin tsakiyar yashi, awaki na tsallake shi ba su jiƙa ƙafa ba. Mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, ni kuma na gaji da zaman haya, da mata da 'ya'ya biyu a ciki da falo. Ban tsaya dogon tunani ba.

Abin da ya sa wannan labari yake min nauyi a baki shi ne sana'ata. Malamin sakandare ne ni, labarin ƙasa nake koyarwa. Shekara da shekaru ina zana kogi a allo: ga inda yake tasowa a kan tudu, ga inda yake gudu cikin duwatsu, ga inda ya sauko fili ya fara lanƙwasa. Ina gaya wa ɗalibai cewa duk inda ruwa ya karya kwana, gaɓar waje yake ci, ya zube yashi a gaɓar ciki. Filina a gaɓar waje yake. Tun ranar farko na gani, na ce a raina ai ɗan rafi ne, ba kogi ba.

Rafin daga duwatsun arewacin gari yake saukowa, ta wajen Bosso. Duk wanda ya zauna a Minna ya san garin a gindin duwatsu yake, dutse kuwa ba ya shan ruwa. In an yi ruwan sama a can, abin da ya zubo duk gangarowa yake yi lokaci ɗaya. A cikin gari an yi masa manyan lambatu na kankare, yana shiga ciki ya ƙara gudu, babu ciyawa ko laka da za ta riƙe shi. Kafin ya iso wajenmu kankaren ya ƙare, sai ya faɗo cikin jar ƙasa da duk ƙarfin da ya tara. Ya taho ɗoɗar kamar zai shiga gidana, sai ya yi kwana a bayan bangona ya nufi kudu, ya ratsa gonaki ya je ya haɗu da kogin Chanchaga, su gangara ƙasar Nufawa tare.

A tsallaken rafin, daidai bayan gidana, akwai wani kafinta mutumin kudancin Kaduna, Kirista. Ya riga ni zuwa unguwar da shekaru, ya kuma girme ni. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da fensir a bayan kunne. Hausarsa irin ta mutanensu ce, babu ruwansa da mace ko namiji, kowa "ya" ne a bakinsa. Ticha yake kirana, ni kuma in ce masa Oga. Gidansa a gaɓar ciki yake, inda ruwa ke zube yashi da laka, don haka matarsa ta yi lambu a wurin, alayyahu da kuɓewa da 'yan sandunan rake. Mahaifiyarsa tsohuwa tana ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon rafin. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Wuni take a kan tabarma tana fere citta tana shanyawa, tana rera waƙoƙin coci da yarensu. In ta hango ni sai ta ɗaga hannu ta ce, "Sannu, Ticha," ta ci gaba da aikinta.

Shi ya haɗa gadar falanki tsakanin gidajenmu. Da kaka ya kafa ta, in damina ta kankama ya cire ya jingine. Ta kanta maiɗakina take zuwa tsinko alayyahu, ta kanta ake kawo min kujerun da na kai gyara. Ƙofofin gidana duk shi ya yi su.

Damina ta farko ruwan ya ci kamar taku biyu na bayan filina. Ta biyu ya ƙara. A ta uku muka wayi gari bangon banɗaki ya tsage daga sama har ƙasa, hannu yana shiga. Maiɗakina tana da cikin ɗanmu na uku a lokacin. Ta tsaya tana kallon tsagar, ta ce, "Malam, ni fa ba zan sake kwana a ɗakin nan da yara ba in hadari ya haɗo. Ko ka yi wani abu, ko ka mai da mu gidan Baba." Gaskiyarta ce. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, muna jin ƙasa tana zubewa cikin rafin, tim, tim, kamar ana sauke buhuna daga mota.

Da rani ya yi na zauna na zana abin da zan gina. Ba bango ne da zai bi gaɓa kawai ba. Katanga ce ta dutse da siminti, mai kauri, wadda za ta miƙe ta shiga cikin rafin a karkace, ta tari ruwan tun kafin ya iso bangona, ta kautar da shi. Na kafa turaku, na ja igiya.

Ana nan mahaifina ya zo duba mu. Shi a tsohon gidanmu na cikin gari yake zaune, wanda kakanmu ya gina tun zamanin da aikin jirgin ƙasa ya kawo su Minna. Shi ma a reluwe ya ƙare aikinsa, cikin masu gyaran layin dogo da kwalbatoci. Ya sauka daga achaba, ya gaisa da jikokinsa, na zagaya da shi baya. Ya daɗe yana kallon turakun, yana dogare da sandarsa.

Ya ce, "Wannan hancin da ka miƙa cikin rafi, na mene ne?"

Na ce, "Don ya kare bango ne, Baba."

"Zai kare. To in ruwan ya daki hancin, ina zai nufa?"

Na ce ai zai baje ne a tsakiya, ƙarfinsa ya ragu. Ya ɗaga sanda ya nuna lambun matar kafinta da tagar tsohuwa. Can ya ce, "Kai ne mai karatun abin. Ni dai na daɗe ina gyaran kwalbati, ban taɓa ganin ruwan da aka kora ya ɓace ba. Wani wurin yake zuwa. Ka rushe banɗakin nan da ɗakin da ke jikinsa, ka ja baya, ka kwantar da gaɓar ka jera mata dutse. Ka bar masa hanyarsa."

Na ce to, Baba, zan duba. Ban duba ba. Ɗakin da yake cewa in rushe shi ne wanda na gama rufawa a shekarar, shi nake nufin ya zama ɗakin yara. Na gaya wa kaina cewa gaɓar kafinta tana da faɗi, akwai lambu tsakanin ruwa da gini, in ma ruwan ya ci wani abu, rake zai ci.

Ranar da za a zuba kankaren hancin katangar, magini ya ce sai an buga katakon da zai riƙe shi. Kafin in nemi kowa, sai ga kafinta ya tsallako da gudumarsa da zarto. Ya wuni a rana yana bugawa. Da yamma na miƙa masa abin hannu, ya ture hannuna.

Ya ce, "Haba Ticha. Idan gidanka ya faɗi, ina zan samu maƙwabci? Madam ya ce in gaya maka, Allah ya sa wannan ya riƙe."

Na ce amin. Ina jin amin ɗin nan a kunnena har yau.

Katanga ta riƙe. Damina ta zo, ruwa ya taho ya daki hancin ya yi tsalle, ya kauce. Bayan bangona, inda a da yake rami, yashi ya fara taruwa. Maiɗakina ta riga ta haihu lafiya, muka yi barcinmu. A tsallake kuwa raken ne ya fara tafiya. Shekara ta biyu rabin lambun ya bi ruwa. Da kaka kafinta ya zo kafa gada, falankin bai kai ba, sai da ya yi masa ƙari. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce min, "Ticha, wannan ruwa ya canza tunani. Tun da na zo nan bai taɓa zuwa gefenmu ba." Na ce masa haka ruwa yake, yana sauya hanya. Ban yi ƙarya ba a kalmomin. Ya cika buhunan siminti da yashi ya jera a gaɓarsa, na taya shi ɗauka, ina sane ba za su kai ko'ina ba.

Abin ya faru a damina ta uku bayan ginin, cikin watan Agusta, ranar wata Asabar bayan la'asar. A Kpakungu ko ɗigo ba a yi ba, rana ma tana haskawa. Amma in ka duba arewa, duwatsun sun ɓace cikin baƙin hadari tun azahar. Ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawa, sai na ji ƙugi, kamar tifa tana sauke dutse daga nesa, amma ba ya yankewa. Na leƙa ta kan bango. Ruwa ne ja ya taho ya cika rafin baki da baki, ɗauke da ledoji da kututture da wata tunkiya tana juyawa. Ya daki katangata, ya tashi sama, ya juya gaba ɗayansa ya nufi tsallake. Buhunan yashin nan ko minti ɗaya ba su yi ba.

Na san kafinta yana wajen aikin rufin kwano a wata unguwa, matarsa tana kasuwa, yaransu sun tafi koyon waƙa a coci. Tsohuwa ce kaɗai a gida, kwana biyu ba na ganinta a waje, an ce zazzaɓi take yi. Na hau kan bango ina ƙwala kira, "Mama! Mama! Ki fito!" Ƙarar ruwan ta shanye muryata. Ina kallo ƙasan gininta yana zubewa, har na ga tubalin tushe a fili. Babu gada, an cire. Na diro na fita da gudu ba takalmi, na zagaya ta babban titi, nan ma ruwa ya hau kan kwalbati har gwiwa, mutane sun yi cirko-cirko. Na riƙe hannun wani bakanike da wani mai shayi muka ratsa tare, ina gaya musu akwai tsohuwa a ɗaki.

Kafin mu isa bangon bayan ya tafi, rufin ya zauna a kan gado. Muka ɗaga kwanon, muka janye katako. Tana ƙasa, rabin jikinta cikin laka, idonta biyu, ba ta kuka. Da muka ɗago ta ne ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Ƙugunta ya karye. Na goya ta zuwa titi, ba ta fi nauyin yarinya ba, tana ta maimaita wata kalma da yarensu a kunnena. Daga baya na tambaya, aka ce sunan ɗanta take kira.

Rumfar aikin kafinta ma ta tafi, da injin goge katako da kayan mutane da yake haɗawa. An kai tsohuwa asibiti, daga nan wajen mai ɗori, ƙashin bai kama ba. Ta ce a mai da ita ƙauye. Ba ta ga Kirsimetin shekarar ba.

Mutanen unguwa suka riƙa yaba min. A masallaci ana nuna ni, wai ni na ceto ta. Kafinta da ya dawo daga jana'iza ya zo har ƙofar gidana da kaza a hannu, ya riƙe hannuwana biyu, ya ce, "Ticha, da ba kai ba, da ruwa ya tafi da shi, ko gawa ba za mu samu ba." Kazar nan na kasa cin namanta. Maiɗakina ta lura na daina cin abinci sosai, ta tambaye ni, na ce aikin makaranta ne.

Da aka yi hutun ƙarshen zango, na ɗauki littafi da fensir na ce zan bi rafin nan da ƙafa har inda ya taso. Na gaya wa kowa bincike nake yi don unguwa. Gaskiyar magana, wanda zan ɗora wa laifi nake nema.

Kwana uku na yi ina tafiyar, ina komawa gida da yamma, washegari in ɗora daga inda na tsaya. Na kuwa samu abin da nake nema, har ya yi yawa. Sama da mu kaɗan, wani ya cike rabin rafin da ɓaraguzai ya kafa shago. Gaba, kwalbati uku na ƙirga waɗanda leda da katifu da tayoyi suka toshe. Na shiga cikin babban lambatun kankaren, na yi tafiya a cikinsa kamar a kan titi, bangonsa ya fi tsayina, ƙasansa sumul, na ga dalilin da ruwa ke iso mana kamar an harbo shi. Na wuce inda masu wankin mota suke, da inda mata ke ɗibar yashi a kwano suna tarawa. Daga nan ƙasa ta fara hawa. Gidaje sun hau jikin dutse, sababbi, wasu ko fenti babu, kowanne ya shafe tsakar gidansa da siminti ya saki bututu waje. Inda na sani da kurmi lokacin muna yara, muna zuwa cin kanya da ɗinya, babu itace ko ɗaya, sai masu fasa dutse da gudumominsu da tayoyin da suke ƙonawa don dutsen ya tsage.

A rana ta uku na kai sama. Na yi zaton zan ga idon ruwa guda, irin wanda nake zanawa a allo. Babu. Wani faffaɗan dutse ne mai gangara, da tsagogi da yawa, kowace da ɗan danshi da gansakuka, suna haɗuwa biyu-biyu, uku-uku. Wani tsoho Bagware da ke noman doya a gefen wurin ya ce min a da ruwan yakan kwana biyu yana tsiyaya bayan an yi sama, yanzu kafin ka gama cin tuwo ya wuce. Na zauna a kan dutsen, ga Minna duk a ƙasa, ina iya bin layin rafin da ido, yana shiga unguwa yana fita, har can inda nake zaton Kpakungu ce. Na cika shafi fiye da goma da zane. A duk zanen nan ban sa katangata ba.

Mai unguwa ya kira taro a kan maganar ambaliya, a filin makarantar firamare, Musulmi da Kirista, maza a gaba, mata a gefe. Na manna taswirata a allo na yi bayani kamar ina aji. Na nuna duwatsun, na nuna sare itatuwa, na nuna lambatu da kwalbatocin da suka toshe. Mutane suna gyaɗa kai. Aka ce a rubuta takarda a kai wa hukuma, ni zan rubuta.

Ana shirin tashi sai matar kafinta ta miƙe. Mace ce marar yawan magana, ita Hausarta ta fi ta mijin, don a kasuwa take wuni. Ta gaida mai unguwa, ta juyo wajena.

Ta ce, "Ticha, na ji duk abin da ka faɗa. Ruwa ya ƙaru, na yarda. Amma ina da tambaya ɗaya. Shekara goma sha wani abu ina shuka a wurin nan. In ruwa ya yi yawa, yakan hau lambuna ya kwanta, ya sauka ya bar min laka. Bai taɓa cin ƙasata ba. Me ya sa yanzu yake zuwa mana da kai?"

Ba ta kalli kowa ba sai ni. Mijinta ya ja gefen zanenta ya ce ta zauna. Na buɗe baki na ce abubuwa ne da yawa suka haɗu. Ta ce, "To," ta zauna. Mai unguwa ya yi addu'a aka watse.

Da na koma gida na gaya wa maiɗakina komai, har da maganar da Baba ya yi ranar da ya ga turaku. Ta daɗe tana jujjuya ludayi a tukunya. Sannan ta ce, "Yanzu in ka faɗa, tsohuwa za ta dawo ne? Kana da 'ya'ya uku a gidan nan. Ka san yadda gari yake, abu kaɗan ne a ce Musulmi ya kashe uwar Kirista." Wannan ma gaskiyarta ce, shekarun nan kowa a tsorace yake, in an yi rikici a wani gari sai kowa ya riƙa kallon maƙwabcinsa. Na ce mata na ji. Ta ce, "Ba ka ji ba. Na san fuskarka."

Bayan kwana biyu na tsallaka. Rani ne, ba a kafa gada ba a shekarar, ta cikin yashi na bi. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana goge wata ƙofa da hannu, tunda injin ya tafi. Ya turo min benci. Na ƙi zama.

Na ce, "Oga, tambayar da Madam ta yi, ina da amsarta. Katangata ce ta turo muku ruwan."

Ya ci gaba da gugar kamar sau uku, sannan ya tsaya. Ya ce, "Madam ya faɗa min haka tun bara. Na ce masa ya yi shiru, Ticha bai sani ba, ruwa ba ya shawara da kowa."

Na ce, "Na sani."

Ya ɗago ya dube ni. "Yaushe ka sani?"

"Tun kafin a gina."

"Ranar da nake buga maka katako, ka sani?"

Na ce, "Na sani. Na ɗauka lambu kawai zai ci."

Ya cire fensirin bayan kunnensa, ya duba shi, ya mayar. Na jira ya zage ni, ko ya ɗaga abin da ke hannunsa, da na fi son haka. Na ce masa zan rushe katangar, zan gina masa ɗakin, duk abin da ya ce zan yi. Ya ce, "Ticha, ka tafi gida. Yanzu ba zan iya magana ba." Na juyo. Ina cikin yashi na ji ya ci gaba da gugar ƙofar.

Bai kai ƙarata wajen kowa ba, bai gaya wa mutanen cocinsu ba, ko kuma in ya faɗa, ba wanda ya taɓa tarata da maganar. Na ɗauko masu fasa dutse suka rushe hancin katangar, kwana huɗu suna yi, don na zuba mata siminti ba na wasa ba. Na rushe banɗakin da ɗakin yara, na ja baya, na kwantar da gaɓar kamar yadda Baba ya ce. Da na je na gaya masa, cewa kawai ya yi, "Allah ya yafe mana," ya tambayi jikokinsa. Maiɗakina ta yi wata guda ba ta min magana sai ta dole.

Amma ruwan bai dawo tsohuwar hanyarsa ba. Ya riga ya haƙa sabon kwari a gefensu, mai zurfi, ya zauna a ciki. Damina ta gaba ya ƙara cin wani yanki na tsakar gidansu. Na aika magini da bulo, kafinta ya sa aka dawo min da su a baro. Kafin wata daminar suka kwashe kayansu suka koma Maikunkele, wajen wani ɗan'uwansa. Ranar da suke loda kaya a mota na tsaya daga bakin titi, na rasa ko in matsa ko in koma. Matarsa ta shiga gidana ta yi sallama da maiɗakina, na ji su suna kuka su biyu. Shi ya ɗaga min hannu daga cikin mota, hannu kawai.

Shekaru kamar biyar ban sa shi a ido ba. Maiɗakina takan haɗu da matarsa a Kasuwar Kure, inda ta samu rumfar hatsi, su gaisa, ta kawo min labarin cewa babbar 'yarsu ta shiga makarantar koyon jinya. A cikin shekarun ne Baba ya rasu. Bayan an yi arba'in na hau mota na tafi Maikunkele, ban gaya wa kowa ba. Na yi ta tambaya har aka nuna min rumfarsa a bakin hanyar filin jirgi. Ya yi furfura, ya rame kaɗan. Ya gan ni, ya ajiye zarto, ya sa aka kawo min ruwa a kofi. Muka gaisa, ya tambayi Madam da yara ɗaya bayan ɗaya, bai manta sunan kowa ba. Na tambayi nasa. Sai maganar ta ƙare, muka zauna muna kallon motoci.

Can ya ce, "Yaya Baba?"

Na ce Baba ya rasu, yau kwana arba'in da uku.

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe. Ya ce, "Me ya sa ba ka aiko ba? Da na zo."

Na ce ban san ko zai so ganina ba. Ya ce Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne. Wani ya zo karɓar teburinsa, ya tashi ya sallame shi, ya dawo ya tsaya, na gane aiki yake so ya koma. Na miƙe. Ya raka ni har bakin titi, ya tsaya tare da ni cikin rana har mota ta zo. Da zan shiga ya ce in gaida gida, in kuma ce wa Madam ƙofar falon nan, in ta fara cijewa da damina, kada a yanke ta, a jira rani za ta saki.